Golmona da Injin Gwamnati

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo Zuru da digirin noma a jaka, ba aikin yi, abu biyu suka same ni kusan lokaci guda: injin huɗa da maganar aure. Ba zan iya rantsuwa a kan wanda ya riga wani ba. Wadda abin ya shafa ta ce ita ta riga injin, ni kuwa na daɗe da daina yi mata gardama a kan wannan.

Gara in faɗa tun da wuri cewa injin ba nawa ba ne. Na ƙungiyar manoman unguwarmu ne. A lokacin gwamnati ta fito da wani tallafi don ƙananan manoma su mallaki kayan noma na zamani: ƙungiya ta kawo abin da ta iya tarawa, gwamnati ta cika sauran. Mutanenmu sun sha jin irin wannan a rediyo ba su ga komai a ƙasa ba, saboda haka ranar da mota ta sauke shi a ƙofar gidan goggona, har da tsohuwar da ta zo ta ƙwanƙwasa shi da sanda don ta tabbatar ƙarfe ne. Ja ne, mai taya biyu, ba shi da wurin zama. Bin sa ake yi a baya da ƙafa, ana riƙe da hannuwansa biyu masu kama da ƙahon bijimi, shi yana tafe yana yage ƙasa. A takarda an ce mutum ne ke tuƙa shi. A iya abin da na gani, shi ke jan mutum.

Goggon nan, yayar mahaifina, ita ce shugabar ƙungiyar. Dawa take saye tana sayarwa, kuma tun rasuwar mahaifinmu ita ce namijin gidanmu, ko da yake baffannina ba za su so su ji na faɗi haka ba. A gindin mangwaron ƙofar gidanta ake taro, ranar Asabar, domin rabinmu Juma'a suna masallaci, rabi kuma Lahadi suna coci.

A can malamin gona ya tsaya ya jero mana sharuɗɗa. Ba a sayar da injin, ba a ba da shi haya, ba a kai shi gonar wanda ba ɗan ƙungiya ba. Ya ce za a riƙa zuwa dubawa, duk ƙungiyar da ta saɓa za a ɗauke abin a kai wa wasu. Ina jin sauran jama'a sun ɗauke ta maganar ma'aikaci ce, irin wadda ake faɗa don a ce an faɗa. Ni kam ta zauna mini a ƙirji. Aka ce ni zan riƙe injin tunda ni na karanta noma, kuma ni kaɗai na yi haƙurin karanta littafin da ya zo da shi daga bango zuwa bango. Na karɓa da sharaɗin cewa in wani abu ya lalace a shaida ba da gangan ba ne. Aka yi dariya. Har yau ban ga abin dariya a ciki ba.

Ƙungiyar tana da tata doka wadda ta girmi injin nesa ba kusa ba, wato dokar gayya. Idan noma ya kama, ana zagaya gonakin 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da hauyarsa. Wanda tsufa ko ciwo ya hana, ya turo wani daga gidansa: ɗa, ko ƙane, ko suruki. Ɗan ƙwadago ba ya shiga, domin goggo ta ce wanda aka biya rana yake kallo, ba ciyawa ba. Na san wannan doka tun ina yaro, amma ban taɓa zaton tana da wata alaƙa da aurena ba.

Ita kuwa wadda nake nema ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a Dabai. Mahaifiyata na kai awon hawan jini muka haɗu. Ta auna tsohuwa ta ce lafiyarta lau, sannan ta dube ni ta ce ni ya kamata a auna, domin tun da na shigo nake tambayar ko na'urar tana aiki daidai. Na ɗauki lokaci kafin in faɗa mata abin da ke raina, kuma da na faɗa sai da na haɗa da cewa in ba ta so babu komai, in tana so ma ba sai ta amsa yanzu ba. Ta ce ai ta daɗe da amsawa, tambayar take jira.

Mahaifinta tsohon soja ne, ya yi ritaya yana saje, kuma da Saje kowa ke kiran sa, har matarsa. Da baffannina suka je gaisuwa, ya karɓe su da kyau, ya sa aka kawo musu kunu, ya ce ba shi da ta cewa sai yaron ya zo da ƙafarsa. Na je tare da taubashina, ɗan kawuna, wanda ke kabu-kabu a hanyar Ribah kuma bai taɓa kira na da wani abu ba sai Farfesa. Muka tuɓe takalma muka tsuguna. Saje yana zaune yana sa wa garma sabuwar ƙota, bai ɗago ba. Ya tambaye ni me na karanta, na ce noma. Ya ce madalla, ashe faɗuwa ta zo daidai da zama, sai in yi golmo.

Golmo shi ne noman da saurayi ke yi a gonar uban yarinyar da yake nema, shi da sa'o'insa, damina bayan damina, kafin a ba shi ita. A da ba a aure a wurinmu sai da shi. Yanzu yawancin gidaje sun sassauta, wasu sun bari gaba ɗaya, kuma na zaci gidan da 'yarsu ta yi makarantar jinya yana cikin waɗanda suka bari. Saje ya ce shi shekara bakwai cur ya yi a gonar kakan yarinyar. Daga madafa matarsa ta ce bai cika ba, gudu ya yi ya shiga soja ya bar ƙannensa da aikin. Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce tunda zamani ya canza, kuma ni ɗan boko ne, damina ɗaya ta isa: in yi masa huɗar gonarsa ta gindin dutse kafin shuka ta wuce. In ya ga aiki, sai a yi maganar sa rana. Ya kuma ambata, kamar abin da ya faɗo masa a rai kawai, cewa ɗan wani abokinsa, kofur ne, yana zuwa hutu bayan kaka, kuma an ce ƙato ne.

Golmo aikin taro ne, ni kuwa sa'o'ina sun watse, wasu suna bariki, wasu suna birni neman abinci. Taubashina ya ce shi bayansa na babur ne, amma zai iya zuwa ya ba ni ƙarfin gwiwa. Na gwada ni kaɗai wata safiya da garmar mahaifina. Kafin rana ta take na yi 'yan kunyoyi, na tsaya ina kallon su ina kallon sauran gonar, wadda ta miƙe har bakin rafi. Saje ya zo wucewa, ya duba, ya tambayi taubashina, wanda ya rako ni yana zaune a inuwa, ko mesa ce ta bi ta nan.

A hanyar komawa taubashina ya ce ni wawa ne mai takarda, ga inji yana kwance a zauren goggo ina kashe kaina da garma. Na tuna masa sharaɗin malamin gona. Ya ce malamin gona ba ya zuwa Dabai sai in an yi masa alkawarin kaza, mu fita da sassafe mu dawo kafin kowa ya farga. Na ce injin da ake jin ƙararsa daga tsallaken rafi ba ya fita a ɓoye, kuma ko da zai fita, ni ai na sani. Ya ce to in auri sharaɗin.

Na yi ta juya maganar har na samo hanyar da, a ganina a lokacin, ba ta da aibi ko kaɗan. An ce gonar ɗan ƙungiya kawai. To me zai hana Saje ya zama ɗan ƙungiya? Na kira malamin gona a waya don in tabbata, ya ce duk manomin da ke cikin ƙaramar hukumarmu ya halatta. Ban taɓa jin daɗin wayona irin na ranar ba. Na tafi wurin goggo na zayyana mata. Tana auna dawa, ta tsaya da mudu a hannu ta ƙura mini ido, ta tambaye ni ko na yi tunani sosai. Na ce ai tunanin ne ya yi yawa. Ta ce shi ke nan, ya zo ranar Asabar ya faɗa da bakinsa gaban jama'a cewa ya yarda da dokokinmu.

Na yi fargabar Saje zai ƙi. Sai ga shi tun kafin a shimfiɗa tabarmi, da tsohon kakinsa ya sha guga. Goggo ta fara jero dokoki, bai bari ta kai tsakiya ba ya ce ya yarda da duka, soja ba ya tambayar oda. Ta ce ya dai saurara. Ya ce ya yarda da wadda ya ji da wadda bai ji ba. Ta ce jama'a ku shaida, aka shaida. Da na ba yarinyar labari ina murna, ba ta taya ni ba. Ta ce ita ta san ubanta, bai taɓa yarda da abu da sauri haka ba sai in ya hango wani abu a ciki. Na ce watakila ci gaba ya hango. Ta ce watakila.

Muka ɗaura wa injin amalankensa, na zauna a kai muka kama hanyar Dabai, taubashina a gaba da babur yana ta danna hon kamar mai rakiyar gwamna, ko da yake masu keke suna wuce mu. Gonar Saje ƙasa ce mai duwatsu a ɓoye, irin ta gindin tsauni. Inji yana cikin tafiya lami lafiya sai bakin garmarsa ya ci karo da dutse, ya yi tsalle, ni ma in yi. Akwai ranar da ya ƙwace ya nufi rafi da ni a maƙale a bayansa, na manta inda ake kashe shi duk da karatun da na yi, sai da muka faɗa cikin wata sabara ya tsaya don kansa. Littafin bai ce komai a kan sabara ba. Tafin hannuna ya yi bororo, bororon ya fashe, wani ya fito a kansa.

Saje ya sa aka kawo masa kujera gindin ɗorawa, da rediyonsa a cinya. Daga nan yake ba da oda, hagu, dama, a miƙe layi, kamar yana faretin kurata. Mutane suka yi ta zuwa kallo, yana yi musu bayanin injin filla-filla, har da abubuwan da injin ba ya yi. Cikin 'yan kwanaki aikin da zai cinye mini damina ya ƙare, kuma ba yabon kai ba, kunyoyin sun miƙe sambal. Ana dab da gamawa malamin gona ya zo dubawa, ba tare da alkawarin kaza ba, dole in faɗi wannan don in yi masa adalci. Ya ga gona ya yaba, ya ɗauki Saje hoto yana riƙe da ƙahon injin, ni kuma aka ce in matsa gefe kada inuwata ta shiga. Saje ya faɗa masa da Turancin bariki cewa shi cikakken ɗan ƙungiya ne, kuma yana kira ga sauran manoma su rungumi zamani.

Bayan an yi shuka na sa riga mai kyau, muka je da taubashina muka tsuguna inda muka tsuguna a da. Saje ya ce gona ta yi kyau ƙwarai, Allah ya saka wa gwamnati da alheri. Na ce amin. Can ya ce:

"To, Malam, yaushe za ka fara golmon?"

Na zaci ban ji daidai ba. Na ce, cikin ladabi, ina ganin kamar wanda aka gama ɗin nan shi ne, sai dai in na yi kuskure.

"Tsaya. Ni ɗan ƙungiya ne ko ba ɗan ƙungiya ba?"

"Ɗan ƙungiya ne, Baba."

"Kai ma ka kawo ni. Ɗan ƙungiya yana da haƙƙin a yi masa huɗa da inji?"

"Yana da shi, Baba."

"To haƙƙina aka ba ni. Tsohuwar nan ta bayan makaranta, ba ka yi mata huɗa ba? Ita ma jikarta za ka aura? In kuwa aikin inji ne golmo, ai ba kai ka yi ba, gwamnati ta yi. Sai ta turo magabatanta mu gana."

Taubashina ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Saje ya nuna da sanda can saman dutse, wata 'yar gona da aka tare ƙasarta da jerin duwatsu, inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Ya ce waccan ba ta cikin tallafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ga gaskiyarsa. A kan babur na faɗa wa taubashina cewa in aka bi maganar a tsanake, tsohon bai yi ƙarya ba. Ya taka burki ya ce in sauka in ƙarasa da ƙafa. Da ya huce ya ce abu mai sauƙi ne, mu ce shigar Saje ƙungiya wasa ne, don haka aikin golmo ne. Na ce in wasa ne, to na kai injin tallafi gonar wanda ba ɗan ƙungiya ba ke nan, ga kuma hoto a wayar malamin gona. Za a ɗauke injin, mutanen da suka sayar da dawarsu suka sa a ciki su ce ni na jawo. Duk inda na juya maganar haka take: in Saje ɗan ƙungiya ne ban yi golmo ba, in na yi golmo na karya doka. An ce in za ka haƙa ramin mugunta ka haƙa shi gajere. Ba wanda ya gargaɗe ni a kan ramin bin ƙa'ida, na kuwa haƙa shi daidai tsawona.

Labari ya zaga. A teburin mai shayi aka koma kira na wakilin ango, ana tambaya ta yaushe gwamnati za ta zo ɗaukar amarya. Yarinyar ta yi fushi da ubanta, ta yi fushi da ni, ta ce a cikinmu biyu ba ta san wanda ya fi taurin kai ba, amma shi dai yana jin daɗin nasa. Na ɗauki garma na fara hawa dutsen kowace safiya. Aikin ba ya gaba, shuka tana wucewa, ni kuma ba abin da nake gani in na rufe ido sai kofur yana saukowa daga mota da ƙirjinsa. Goggo ba ta ce mini komai ba duk tsawon lokacin nan. In na kawo maganar sai ta tambaye ni ko na duba man inji.

Da ciyawa ta taso, goggo ta kira taron raba gayya. Saje ya zo, domin tun ranar hoton bai fasa taro ba, har ya fara ba da shawara a kan yadda ya kamata a riƙa jera tabarmi. Goggo ta ce bana za a fara da gonar matar ƙanenta marigayi, wato mahaifiyata, tunda ciyawarta ta fi ta kowa. Kowane ɗan ƙungiya ya fito da hauyarsa, tsoho da sabo. Da ta ce sabo ba ta dubi kowa ba, goro take ɓarawa.

Jama'a suka dubi juna. Ni ma sai da na ɗan jima kafin na gane. A ƙasarmu saurayi ke duƙawa a gonar uban yarinya. Ba a taɓa jin uban yarinya ya saɓi hauya ya je ya duƙa a gonar gidan mai neman 'yarsa ba. Wanda ya yi haka mata za su sa shi a waƙar daka, kuma waƙar za ta fi shi tsawon rai.

Saje ya gyara zama ya ce shi tsoho ne, ga ciwon gwiwa da ya samo a bakin daga. Goggo ta ce akwai waɗanda suka girme shi a nan, 'ya'yansu suke turowa. Ya ce nasa duk suna bariki, ita ma ta sani. Ta ce Allah ya tsare su. Ya ce zai ɗauko ɗan ƙwadago, ko biyu ma. Ta ce doka ta hana, tana cikin waɗanda ya yarda da su bai ji ba. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce to in haka ne ya fita daga ƙungiyar, dama shigar gwaji ya yi. Ta ce ba wanda zai riƙe shi, amma in shigar gwaji ce, to huɗar da aka yi masa ba haƙƙinsa ba ce, sai ya faɗa wa jama'a ko mece ce.

A nan ne na ɗaga hannu. Niyyata in yi gyara, domin a fahimtata ranar da aka yi huɗar Saje ɗan ƙungiya ne na sosai, fitarsa yanzu ba za ta koma baya ta canza wannan ba, saboda haka maganar goggo tana da ɗan rauni. Ban ce ina goyon bayansa ba, amma gaskiya gaskiya ce. Na buɗe baki ke nan taubashina ya take mini ƙafa da dukkan nauyinsa, ya gaya wa jama'a cewa Farfesa fitsari yake ji. Har yanzu farcen babban yatsan bai koma daidai ba.

Saje ya dubi goggo, ya dubi matan da ke bayanta, waɗanda nake zaton wasunsu sun riga sun fara haɗa baitin farko. Sannan ya dube ni, tun daga ƙafar da nake riƙe da ita har zuwa hannuwana, waɗanda a lokacin suka yi kanta. Gashin bakinsa ya motsa.

"Hajiya, su wa kika ce ana iya turowa?"

"Ɗa, ko ƙane, ko suruki."

"To ga wakilina nan." Ya nuna ni da sanda.

"Wannan ai mai nema ne, Saje. Mai nema ba ɗan gida ba ne. Gobe kofur na iya zuwa."

"Na ce suruki."

"Ban ji ba, kunnen nan nawa sai a hankali."

"Surukina ne. A turo magabata bayan kaka a sa rana. Ko sai na busa miki begila?"

Wata ta rangaɗa guɗa. Goggo ta ce jama'a ku shaida, aka shaida, ta miƙa masa ɓarin goron. Ni ina nan tsugune ina son in tambaya ko wannan yana nufin maganar gonar saman dutse ta faɗi, amma na dubi ƙafar taubashina na fasa.

Haka aka yi na nome gonar uwata da sunan surukina. Shi ma ya zo, ba da hauya ba, da kujerarsa da rediyonsa, a matsayin baƙo. Mahaifiyata ta dama masa kunun tsamiya, ya zauna a inuwa yana gaya wa mutane cewa wakilinsa ya fi na kowa miƙe layi, horon soja ne. Abin da ban hango ba shi ne sauran gonakin. A can dama ni nake wakiltar mahaifiyata, yanzu ga Saje ya ƙaru, saboda haka duk gonar da aka je rabo biyu ake yanka mini. Na kai ƙara wurin goggo, ta ce in faɗa mata dokar da ta hana mutum ɗaya ya zama ɗan gida biyu. Na yi iya tunanina, babu.

Gonar saman dutse ma ba ta faɗi ba. Da na sami zarafin tambaya, Saje ya ce golmo kam an yafe, tunda ba a sa ɗan gida golmo, amma ɗa ba ya zuba ido gonar ubansa ta lalace. Golmo yana da ranar ƙarewa. Wannan, kamar yadda na fahimta daga baya, ba shi da ita.

Da rani aka yi bikin. Kofur ɗin ya zo, ƙato ne kamar yadda aka faɗa, tare da matarsa da 'ya'yansu. A ranar na hango goggo da Saje a gefe, kawunansu a haɗe, suna dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. Matata ta ce tun ranar da na kawo shawarar shigar da shi ƙungiya su biyun suka san inda za ta ƙare. Ni ban tabbata ba, kuma ba na son in ɗora wa manya abin da ban gani da idona ba. Na dai ji daga baya cewa Saje yana sayar wa goggo dawa tun kafin in san hanyar Dabai.

Na taɓa samun malamin gona na ba shi labarin duka, na tambaye shi ko a cikin abin da ya faru akwai inda aka saɓa sharaɗin tallafi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaya ko injin yana aiki. Na ce yana yi. Ya ce to.

Injin yana nan, jan fentinsa ya koɗe, an sha canza masa bel. Ni ne dai mai riƙe da shi, ko da yake yanzu ina koyarwa a wata makarantar sakandare. Duk shekara in ruwan farko ya sauka, waya takan shigo daga Dabai tun kafin ƙasa ta jiƙa sosai. In je in yi huɗar, in kashe inji, in zo gindin ɗorawa in tsuguna da ƙasa har gira. Saje ya rage ƙarar rediyo, ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya saka wa gwamnati da alheri. Ni kuma in ce amin.